Ranar da na sallami injin jirgina

Injin ɗan jirgina na rimot ya ƙone wata Asabar a filin ƙwallon unguwarmu, ya bar ni da ƙaurin waya da yara suna ta yi mini jaje. Da na duba kuɗin sabo a intanet, na buga da canjin dala, sai na tuna ashe ni dama can ba na son ƙarar inji. Shirwa da wane inji take yini a sama?

Na sanar da uwargida cewa zan mai da shi jirgi mai shawagi da iska zalla. Har tarihi na kawo mata: 'yan'uwan nan na Amurka, su Wright, sai da suka gwanance da marar inji kafin su ɗora inji a 1903. Ta ce, "To su gaba suka yi, kai kuma baya za ka koma?" Ban tanka ba.

A daren na yi masa fiɗa. Na cire inji da farfela da tayoyi. Na cire ɗan akwatin da ke tsakanin inji da batir, shi ma batirin na fitar, tunda mai cinsa ya rasu. Fukafukan na ƙara musu tsawo da farin soson da ya zo cikin kwalin firij. Jirgi ya koma sakayau kamar faifai.

Washegari na goya ɗan yayata a babur muka nufi wajen duwatsun Shere, cikin sanyin hunturun Jos mai sa mutum ya manta yana da yatsu. Dabarar ba wuya: iska in ta daki tudu dole ta haura, kai kuma ka tsaya a gefen da take bugowa, ka jefa jirgin cikinta, ta ɗaga shi kyauta.

Na jefa. Ya ɗaga hanci sama kamar sabon mai kuɗi, ya tsaya cak, ya yi tunani, ya dawo da baya ya zauna daɓas a gabanmu.

"Kawu, ya fasa tafiyar ne?"

Sai a nan na gane injin nan ba jan jirgi kaɗai yake yi ba, nauyinsa ne ke riƙe da goshi. Ƙa'idar ita ce ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsu na gaba, ya tsaya daidai ko ya ɗan sunkuya. Nawa kuwa wutsiya ce ke rinjaya kamar sikelin mai cuta.

Muka shiga neman nauyi. Noti biyu daga ƙarƙashin sirdin babur, na cusa a gurbin inji. Bai isa ba. Tsakuwa uku. Saura ƙiris. Na laluba aljihu, hannuna ya faɗa kan makullai, na ce aro ne na minti biyu. Na tura, na liƙe da salatif. Ya zauna a kan yatsuna tsaf, kai ka ce daga kamfani.

Na yi bisimilla na sake jefawa. Jama'a, ya tashi! Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗan shuuu. Yaro na tsalle, ni kuwa har na fara tsara abin da zan gaya wa uwargida. Da ya yi nisa na karkata sandar rimot hagu. Shiru. Dama. Shiru. Na girgiza rimot ɗin, na hura masa iska, na ɗaga shi sama kamar mai neman sabis.

Ashe 'yan na'urorin da ke motsa wutsiya a kwano ɗaya suke ci da inji. Akwatin nan da na cire shi ke rage musu wutar batir zuwa bolt 5. Akwati da batir duk suna gida a kan tebur.

Muna tsaye muna kallo ya tsallake kwari, ya wuce wasu gonakin kabeji, ya zama ɗigo, ya ɓace bayan wani dutse. Tunda na saye shi bai taɓa tafiya mai kyau irin wannan ba.

Muka yi shiru. Can yaron ya ja mini riga.

"Kawu, makullin gida ne kawai ka sa, ko har da na babur?"

A zobe ɗaya suke.