Dogon zango daban, jan rai daban

Masu shirya mana fina-finai masu dogon zango don Allah ku ji tsoron Allah. Abin da aka saki daren jiya duk kun gani ba sai na kama suna ba, mako guda cur mutane suna jira, aka zo aka ba mu kusan awa ɗaya babu abin da ya faru a ciki. Mota ta tsaya, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa, an fito an gaisa, ina wuni ina gajiya ya yara ya mai jiki, sai talla. Tallar fili, tallar atamfa, tallar maganin basir, a dawo a nuna wata tana kuka da kiɗa a ƙasa har ka gama cin tuwonka ita ba ta gama ba. Wannan cin lokacin mutane ne wallahi.

Kuma mun san dalili. Tunda kasuwar faifai ta mutu a Ƙofar Wambai YouTube ya zama kasuwa, shi kuma daɗewarka kana kallo yake aunawa. Sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ta fara cin kuɗin talla, kuma in bidiyo ya kai minti 8 ana iya cusa talla a tsakiyarsa. Shi ne labarin da zai ƙare a fitowa goma za a ja shi zango biyar.

Na san wani zai ce ai kyauta kake kallo. Wace kyauta? Data fa? A farkon 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, ga kuɗin caji in babu wuta. Matar da ta cire daga kuɗin cefane ta sa data don ta ga ci gaban labari, ka ba ta maigadi yana buɗe ƙofa, ka ci haƙƙinta. Masu cewa in ba ka so ka daina kallo kuma ba da ku nake ba, namu ne shi ya sa abin yake mana ciwo.

Ba tsawon ne matsalar ba, ku fahimce ni. Mutanenmu suna zama su saurari tafsiri na awa biyu da azumi ba wanda ya motsa, suna kallon doguwar hira har ƙarshe in akwai magana a ciki. A da gida guda ake taruwa gaban Arewa24, yanzu kowa ya kwanta da wayarsa ya ba ku darensa shi kaɗai, wannan amana ce. Ku biya marubuta da kyau su cika lokacin da labari, in labarin ya ƙare a rufe shi a ɗauko wani.

Sannan wai ina tsofaffin fina-finanmu na kaset ne? Tun 1990 ake wannan harkar a Kano, da yawa ka nema ba ka samu, wanda ka samu ma hoton duk ya dushe murya na rawa. Wa yake da asalin kaset ɗin, a ina aka ajiye su?