Awon kujerar Inna ba ya cikin kowane littafi

Wata Asabar na tura wa ƙanena hoto ta WhatsApp. Ina tsaye cikin garejin gidan da nake haya a Kolombus, jihar Ohayo, zarto a hannu, garin katako har gira. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kiransa daga Jega. "Yaya, mi yas same ka? Aikin asibitin lahiya dai ko?" Damuwa ce ta gaske a muryarsa. A ganinsa, mutumin da ya yi boko har ya ƙetare teku, in aka gan shi yana yankan katako, to ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na ce masa aiki lafiya lau, teburin karatu nake yi wa yara. Ya yi jim, ya ce, "To can ba kafintoci ne?"

Akwai su mana. Amma a nan Amurka aikin katako a gida abin sha'awa ne, kamar yadda wani a wajenmu yake kiwon tantabaru ko ya riƙe doki. Maƙwabcin da ya koya mini riƙon zarto tsohon akanta ne da ya yi ritaya. Gadon jikarsa shi ya yi, haka bencin da yake zama a ƙofar gida, kuma in baƙo ya zo sai ya kai shi ya gani. Ranar da na tambaye shi wa ya koya masa, sai ya shiga ɗaki ya fito da wasu takardu da ya buga daga intanet, zanen teburi da kujeru, kowane gefe da awonsa. Ya ce kyauta ne, waɗanda suka rubuta su sun daɗe a ƙasa.

A dokar Amurka, tsohon littafi in ya cika shekara 95 da bugawa, haƙƙin mallakarsa ya faɗi, ya zama na kowa. Ka kwafa, ka buga, ka fassara, ba mai tuhumarka. Abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka rubuta a bakin aikinsu kuwa, tun ranar farko na jama'a ne. Rumbuna irin su Project Gutenberg, wanda aka fara a 1971, da Internet Archive na 1996, sun tara irin waɗannan littattafai ba iyaka. Teburina na ɗauko shi ne daga wasu ƙananan littattafai uku da masu mujallar Popular Mechanics suka buga a Shikago tsakanin 1909 da 1912. Kowane abu da hotonsa, da jerin guntayen katakon da za ka yanka, tsawo da faɗi da kauri, da zanen yadda za ka fafe rami a wannan ƙafa ka sassaƙa harshe a wancan katako su shiga juna ba tare da ƙusa ba. Mutumin da ya rubuta bai san Jega ba, bai san za a haife ni ba, amma ga shi ya kama hannuna bayan shekara ɗari da ɗoriya.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Domin in ƙwarewa ake magana, na rantse maƙwabcin nan nawa bai kama ƙafar kafintan unguwarmu ba. Ina yaro nakan tsaya a rumfarsa in na dawo daga makarantar allo. Fensiri a bayan kunne, ya dubi ƙofa sau ɗaya, ya gwada da taƙi, ya yi ɗan zane a jikin guntun katako, gobe ka zo ka tarar da ƙyaure ya zauna daram. Yaransa sukan shekara suna miƙe tsofaffin ƙusoshi da goge katako da samfefa kafin a bar su su taɓa zarto. Duk ilminsa a kansa yake. Da Allah Ya yi masa rasuwa, abin da yaran suka tsinta shi ya rage, sauran ya bi shi kushewa.

Masassaƙa ma haka, su da sana'arsu ta girmi kafintanci a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Turmi da taɓarya, akushi, muciya, allo, ƙotar fartanya, kwalekwalen da ake fafewa a bakin ruwa irin na Yawuri da Argungu. Masassaƙi ya san kirya ce ke jure daka, ya san wane ice ne gara ke tsoro, ya san lokacin sara da tsawon lokacin da za a bar ice ya sha iska kafin a sa masa gizago. Wa ya rubuta? Innarmu tana da kujera 'yar tsuguno da aka sassaƙa daga gungume guda, ba haɗi ba ƙusa, da ita aka kawo ta gidan Baba. A kanta ta tuƙa tuwon da ya raine mu duka. Bara ta tsage gida biyu. Ƙanena ya zaga kasuwa bai sami irinta ba, ya sayo mata ta roba. Inna ba ta ce komai ba, amma an ce mini tabarma take shimfiɗawa ta zauna a ƙasa.

Ba ina cewa a kwaso zanen Turawa a zuba a Kabi yadda yake ba. Yawancin kayan da ke cikin littattafan nan da itacen da suke kira oak aka tsara su, kuma katakon da ake sayarwa a nan an busar da shi a tanda kafin ya iso shago. Namu yawanci daga kudu ake lodo shi, sau da yawa da ɗanyensa. Ka yi teburi da shi da damina, hunturu na busawa ya tsuke, ya tsage, haɗin ya saki. Ga gara. Ko katakon tu-bai-fo ɗin ma, wato mai inci biyu da inci huɗu, ba ɗaya ba ne: na Amurka in ka sa tef inci 1½ ne da inci 3½, namu kuwa sai ka auna kowane sanda da kanka. Wanda zai bi zanen dole ya nemi madaci ko kawo in aljihu ya yarda, ko malaina, ya jingine katakon a inuwa ya bushe tukuna.

Sai dai akwai inda tsufan littattafan ya yi mana rana. Da inci da ƙafa aka rubuta su, awon da 'yan katakonmu ke ciniki da shi har gobe. Kuma an yi su ne don mai zarto da kurfi da guduma, a zamanin da ba kowane gida ke da lantarki ba. Ba sai an kawo wuta ba.

Na san abin da wani zai ce: mutane na fama da abin sawa a bakin salati, kai kana zancen sha'awa, kuma in kowa ya zama kafintan gidansa, kafinta ya ci me? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma tun ranar da na kwashe mako uku a kan teburi guda, ban ƙara jin zan iya yi wa kafinta tayin wulaƙanci ba. Wanda ya taɓa aikin shi ya san kuɗinsa. Raini kuwa ba daga addini muka samo shi ba. Hadisi ya tabbata cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne, kuma tun muna yara muke jin cewa Shehu Usmanu da tufkar igiya yake neman abin kansa. Yaushe riƙon biro ya sa muka fara jin kunyar zarto?

Abin da nake fata ƙarami ne. Ɗaliban makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi su ɗauki tef da littafi da waya, su zauna gaban tsofaffin masassaƙa da kafintoci, da izininsu da kuma ɗan abin goro, su auna, su zana, su rubuta da Hausa, a ambaci sunan mai ilmin, a sa a intanet kyauta. Ba sai mun jira shekara 95 ba.

Ni dai na fara da gida. Na roƙi ƙanena ya nemo ɓangarorin kujerar Inna a bayan rumbu, ya haɗa su, ya auna mini tsawo da faɗi da kaurin ƙafafu, ya ɗauki hoto ta kowane gefe. Ya yi dariya, amma ya yi. Shekaranjiya awon ya iso, tare da saƙon murya daga Inna. Ta ce in zan yi, kada in ƙara mata tsawo ko da yatsa ɗaya, don daidai bakin murhunta aka sassaƙa ta.