Waƙar da ta zo ta huɗu a Eurovision, ta kuma fi ta ɗaya daɗewa

A watan Afrilun 1967 aka yi gasar waƙa ta Eurovision a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda Vicky Leandros, 'yar asalin Girka da ta tashi a Jamus, ta wakilci ƙasar Luksambur da waƙar soyayya ta Faransanci mai suna "L'amour est bleu". Alƙalai sun ba ta maki 17, ta zo ta huɗu, yayin da Sandie Shaw ta Birtaniya ta lashe gasar da maki 47. Ba a cika shekara guda ba, sai ga waƙar da aka kayar ta mamaye gidajen rediyon duniya, amma ba da muryar mai ita ba.

Paul Mauriat, wani jagoran makaɗa Bafaranshe, shi ne ya cire kalmomin gaba ɗaya, ya bar karin waƙar a bakin goge da wani tsohon abin kiɗa mai kama da piyano. A farkon 1968 wannan kiɗan zalla ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ya yi mako biyar a can. Daga nan kowa ya yi ca a kanta: Jeff Beck ya kaɗa ta da jita, Al Martino ya rera ta da Turanci, ƙungiyar The Dells kuma ta haɗa ta da wata waƙa a 1969.

A ganina, abin da wannan tarihi ya nuna ba kuskuren alƙalai ba ne kawai, domin gasa ta dare ɗaya tana auna abin da ya kama kunne nan take, kuma waƙar Sandie Shaw mai zafin kiɗa ta fi dacewa da hakan. Abin lura shi ne, ƙarfin waƙar yana cikin karinta, kuma mai karin shi ne aka fi mantawa da shi. André Popp ne ya tsara shi, Pierre Cour ya rubuta baitocin, amma da wuya ka ji wanda ya san kiɗan ya ambaci ɗaya daga cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da yake a nan asarar ta suna ce, tunda dokar haƙƙin mallaka tana ware wa marubucin waƙa kasonsa.

Pierre Cour ma ya fi yin asara. A baitocinsa, soyayya tana da daɗi, tana yin duhu idan masoyi ya tafi, sannan rana ta sake fitowa idan ya dawo. Rubutun Turanci da Bryan Blackburn ya yi kuwa kukan rabuwa ne tun daga farko har ƙarshe, Mauriat kuma bai bar ko kalma ɗaya ba. Duk da haka ba zan zargi masu maimaicin ba, domin ba don su ba, da waƙar ta tsaya inda akasarin waƙoƙin da suka zo na huɗu suke tsayawa.

Ita kuwa Vicky Leandros ba ta tashi a tutar babu ba. Ta rera waƙar da harsuna da dama, sannan a 1972 ta koma gasar a madadin Luksambur da waƙar "Après toi", ta kuma yi nasara.