Bindigar fentin da ta ƙi harbi

Mijin yayata ne ya dawo daga karatu a Malesiya da bindigogin fenti guda biyu 'yan gwanjo, irin waɗanda ake wasan yaƙin ƙarya da su, ya ɗan yi yayinsu ya gaji sai ya turo min, wai tunda ni mai gyaran waya ne a Wunti ai duk abin da ke cin batir a hannuna yake. Umma na ganinsu ta ce ba dai a gidanta ba. Na zauna ina mata bayani cewa asali ma a Amurka bishiyoyi da shanu ake sa wa alama da irinsu, sai a 1981 wasu abokai a jihar New Hampshire suka fara harbin junansu da su. Ta ce wato abin shanu ne kuka mayar kanku, to Allah ya shirya.

Wahalar farko iska ce. Na ɗauki tulun iskar bindigar na kai wa mai faci, ya ce oga awo nawa za a sa, na ce 3000. Ya kalle ni ya kalli tulun ya ce malam tayar mota fa 32 ake sa mata, wannan ta jirgin sama ce? Injinsa ko 200 ba ya kaiwa. Dole muka koma kan wani famfon hannu da ya zo tare da kayan, wanda kafin tulu ɗaya ya cika wallahi sai ka tuba da wasan gaba ɗaya.

Ranar Asabar cikin hunturu muka tafi gonar mangwaron wani abokinmu a hanyar Dass, ni daga ɗaurin aure ma na wuce da farar shaddata, don a lissafina ni zan yi harbi ba ni za a harba ba. Kowa ya sa abin rufe fuska, wannan kam ba a wasa da shi, ƙwallon fentin da bindigar ke harbawa yana tafiyar kusan mita 90 a daƙiƙa. Aka ce a fara. Na laɓe bayan bishiya na auna ƙanina tsaf na danna kunama, shiru, sai wata 'yar fitila a bayan bindigar tana ta ƙifta min. Na sake dannawa ta saki guda ɗaya da ƙyar ta koma tunani. Shi kuwa yaron nan tasa lafiya lau, ya zagayo ta baya ya shiga ɗinka min fenti yana cewa Yaya ka yi haƙuri wasa ne.

Abin da ke faruwa a cikinta shi ne, bindigar ido gare ta. A ɗakin da ƙwallo ke faɗowa akwai ƙananan sansa biyu suna kallon juna, ɗaya yana jefa hasken infirared irin na rimot ɗin talabijin, ɗayan yana karɓa. In ƙwallo ya zauna daidai sai ya tare hasken, sannan ne fanel ɗin bindigar zai ba wani bawul mai aiki da lantarki da ake ce wa solanoid wuta, shi kuma ya buɗe wa iska hanya ta tura bolti, wani ɗan bututu mai kai da komo da ke cusa ƙwallon cikin hanci ya sakar masa iska a baya. Bayan kowane harbi fanel yana jira ya ga hasken ya dawo, in ya ga kullum a tare yake sai ya ɗauka idon ya samu matsala, ya rage gudun harbin sosai. Ƙifta fitilar nan ke nan.

To akwai maɓallin kashe idon, ni kuma ga zafin baya ga zafin zuciya, na kashe shi na saki wuta. Tab. Ƙwallo bai gama faɗowa ba bolti ya zo ya datse shi biyu, na biye da shi ma haka, abin da ke fitowa ta hancin bindigar sai ka ce miyar kuka, kore shar, rabi a iska rabi a hannun rigata. Wani dattijo da ya zo wucewa a keke ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ɗana, in fenti kuke yi ai gidana na nan kusa. Allah ya taimake ni ruwan cikin ƙwallon yana fita da wanki, ɓawon ma jalatin ne irin na kafso.

Washegari na baje ta a teburin shago. Na cire murafun idon na goge da auduga da sifirit, na haska kyamarar waya a kan mai jefa hasken na gan shi yana ba da ɗan shuɗi-shuɗin nan, alamar yana raye, na sa sabon batir mai bolt 9. Na haɗa na gwada, harbi kaɗan fitila ta dawo da ƙiftawa. Maƙwabcin shagona mai sayar da caja ya leƙo ya ce shi dai a ganinsa baki ne, a tofa mata. Ni kuma kunnena ya kama wani sssss yana fita ta hanci ko ba a taɓa kunama ba, kuma ido ba ya sa iska ta zuba.

Na zaro boltin, baƙi ƙirin, yana danƙo. Na kira ƙanina na ce kai, me ya sami wannan? Ya sosa ƙeya ya ce ai ya ji tana ɗan ƙara ne shi ne ya kai wa bakanike ya cika mata giris ɗin boris, gyara ya yi min. Giris mai kauri ya haɗu da ƙurar Bauchi ta hunturu, suka yi ta gurzar jikin boltin har ya yi layi-layi, in ka ja farce a kai yana kamawa, robobin zoben da ke riƙe iska sun baje, ɗaya ma ta tsage, can iskar ke zuba. Saboda danƙon nan bolti ba ya komawa baya gaba ɗaya, sai ya tsaya a gaban idon ya tare haske. Idon bawan Allah gaskiya yake faɗa tun a gona, ni ina ta zaginsa. Ƙananan robobin da ke riƙe ƙwallo kada ya gangara gaba su ma sun cinye, shi ya sa wani lokacin biyu ke shiga tare.

Giris ɗin silikon take so, wanda ake ce wa Dow 33, kuma shafawa kaɗan a kan robobin kawai. Na zaga kasuwa ina tambaya, wani ya miƙo min basilin ya ce duk ɗaya ne. Ƙarshe a aljihun jakar bindigar na tarar da ɗan gwangwaninsa tare da sabbin robobi da bolti na safaya, suna nan tun daga Malesiya ba wanda ya zuge zif ɗin. Na canza komai, ta koma tat-tat-tat abin sha'awa, daɗi ya kwashe ni na yi ta gwadawa a bangon bayan shago har ƙwallayen suka ƙare tas, kuma sai an yi oda daga Legas.

Jiya ƙanina ya shigo da leda cike da magarya, wai ya auna girmansu kusan ɗaya, kuma ai ni da bakina na ce idon haske kawai yake gani, bai san mene ne ya tare shi ba. Na cire batiran duka biyun na kulle a durowa, makullin yana wuyana.