Baƙo ya yi sallama, ba a amsa ba

Kusan duk manhajar da ke cikin wayarka sai da ta bi ta hannun tafinta, wato kwamfaila, mai juya rubutun masu shirya manhaja zuwa yaren da inji ke ji. Manyan cikinsu biyu, GCC da Richard Stallman ya fitar a 1987 da LLVM da aka soma a Jami'ar Illinois a 2000, a buɗe suke, kowa na iya karantawa ya kawo gyara. Duk da haka kullum kukan masu kula da su ɗaya ne: hannu ya yi kaɗan.

An saba ɗora laifin a kan wahalar aikin. Ni ban yarda ba. Wanda ya kai ga buɗe cikin kwamfaila ai ba rago ba ne. Shiru ne ke korarsa.

Ɗauki matashi mai tsohuwar laftop. Ya sauko da LLVM, ya sa laftop ɗin ta harhaɗa ta ta zama manhaja mai aiki, fanka na ta huci awa da awanni, maajiyar kwamfutar ta kusa cika. Ya gano kuskure a wani saƙon gargaɗi, ya gyara layi biyar, ya tura, gabansa na faɗuwa. Mako ya wuce, babu ko "mun gani". Ƙa'idar LLVM ta ce ya tunatar bayan mako guda, to amma baƙo sau nawa zai buga ƙofa kafin kunya ta kama shi?

An yi ƙoƙari kam. A 2021 GCC ta daina tilasta wa mai gyara miƙa haƙƙin mallakarsa ga FSF, gidauniyar kare 'yancin amfani da manhaja, LLVM kuma ta koma karɓar gyara ta GitHub, shafin da masu shirya manhaja ke ajiye aikinsu, a 2023. Wannan share hanya ce kawai. Mutanen Rust, wani yaren shirya manhaja, sun fi burge ni: da ka tura gyaran farko, wata manhaja za ta yi maka maraba ta haɗa ka da mai dubawa da sunansa, wasu ayyukan ma an rubuta wanda zai kama hannunka.

Na san masu dubawar ma a gajiye suke, da yawansu bayan sun tashi daga aiki suke yi. Shi ya sa maganata ke kan kamfanoni irin su Apple da Google da Intel, waɗanda injiniyoyinsu ke aiki a kan LLVM. Su ware musu sa'o'i a kowane mako don duba gyaran sababbin shiga, a kuma lissafa wannan cikin aikin da ake yi wa mutum ƙarin girma a kansa.