Malam, makin da ka rubuta shaida ce

Da ku nake magana, 'yan'uwana malamai na cikin Kano, musamman matasanmu da ba su daɗe da fara riƙe alli ba. Ƙarshen zango ya matso, kwanan nan takardun jarrabawa za su jibge a kan tebur, hedimasta ya fara aike a kawo maki.

Lambar da kake rubutawa a gaban sunan yaro shaida ce. Uban da ke Kantin Kwari tun safe har magariba bai san abin da ɗansa ya iya ba sai abin da ka faɗa masa a katin sakamako. Idan ka ba wa yaron da bai iya haɗa jimla ba maki 70, ka ce wa uban ya kwantar da hankalinsa ke nan, shi kuwa zai yarda, don malam ne ya faɗa. A Suratul Hajji, cikin aya guda Allah ya hana bautar gumaka da shaidar zur. Ban ga inda aka ware rijistar maki ba.

Mu dubi makin CA, wato makin da ake tara wa yaro a cikin zango kafin jarrabawa, don nan ɓarnar ta fi yawa. Tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekarun firamare, ƙaramar sakandare, babbar sakandare da jami'a) da aka fara a 1982 ya zo da shi ne don kada makomar yaro ta rataya a kan jarrabawar yini ɗaya, wadda zazzaɓi ma zai iya lalatawa. Aka ware maki 30 ko 40 a riƙa tarawa a hankali, ta gwajin aji da aikin gida. To yanzu fa? Daren da za a miƙa maki sai malam ya buɗe rijista, ga gurabe fayau, ya hau cikewa da ka. Yarinya mai shiru ta layin gaba, 28. Ɗan surutun nan na bayan aji, 12. Wanda ya kawo tsintsiya ranar tsafta an ɗan ƙara masa, wanda ubansa ya taɓa yi maka tsawa an ɗan rage. Babu ɗayansu da aka gwada.

Alaramman tsangaya ya fi mu fahimtar amfanin gwaji. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya a gaban malam. In ya ci gyara, a nan take za a gyara masa, ya koma ya maimaita. Mu kuwa sai mu zana sifili da jan biro, ba mu nuna wa yaro inda ya kauce ba. Wani lokaci takardar ma ba ta komawa hannunsa, sai dai ka gan ta wajen mai ƙosai an naɗe maka na ɗari biyu a ciki. Alhali in kashi biyu bisa uku na ajinka sun faɗi tambaya guda, kai ma takardar ta yi maka magana, darasin ne bai shiga ba, sai a sake shi.

Na san matsin da ake ciki. A wasu makarantun kuɗi, mai makaranta zai ce kada a kayar da kowa, wai iyaye za su kwashe 'ya'yansu, ga albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata. Amma wanda aka yi ta turawa gaba da makin alfarma, ranar WAEC ko NECO yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma ba shi da su a ka. Daga nan ake fara cigiyar santar da ake rubuta amsa a allo, duk da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999. Ya tsallake wannan, ga JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Satar amsar da muke zagin yara a kai, sau da yawa a rijistarmu ta faro.

Masu riƙe maki su yi barazana da shi, balle ga ɗalibai mata a manyan makarantu, wannan zalunci ne tsagwaronsa, ba ya buƙatar dogon bayani. Haka ma kiran na ƙarshe a asambuli don a yi masa ihu. Ban taɓa ganin wanda ihu ya koya wa karatu ba.

In ka zo gurbin sharhin malamin aji, don Allah a bar rubuta "a ƙara ƙoƙari" ga yara sittin. Rubuta cewa yana rikicewa a rabawa, ko tana karatu amma ba ta gane abin da ta karanta. In uba ya zo da fushi, ba shi kujera, ka ɗauko takardar ɗansa ku duba tare, tambaya bayan tambaya.