Ga matasa masu binciken ƙwaƙwalwa: ku dubi aikin Brenda Milner

'Yan'uwa matasa da kuka shiga fagen binciken ƙwaƙwalwa da tunani, akwai wata cuta da ke kama da yawanku tun kafin ku kammala digiri na uku. Kullum ido na kan Google Scholar, shafin neman maƙalolin ilimi, ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙala. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, in ya kai 10, nufinsa kana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Iyakarsa ke nan. Maƙalar da aka ambata don a ƙaryata ta ma tana cikin lissafin.

An haifi Brenda Milner, masaniyar ƙwaƙwalwa da tunani, a Manchesta ta Ingila a 1918, ta yi digirinta na uku a Jami'ar McGill ta Kanada a hannun Donald Hebb. Majinyaci guda ne ya ɗaga sunanta, wanda aka sani da H.M. A 1953 likita William Scoville ya yi masa tiyata saboda farfaɗiya, ya cire wani sashe na cikin ƙwaƙwalwarsa dama da hagu, har da babban ɓangare na hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen adana sabbin abubuwa a ƙwaƙwalwa. Farfaɗiyar ta lafa, amma sabon abu ya daina zama a kansa. Duk zuwan Milner sai ta sake gabatar masa da kanta. Ita da Scoville suka wallafa bayaninsa a 1957.

Ku lura da kayan aikinta: takarda, fensir da madubi. An zana tauraro mai tsini 5 da layi biyu, aka ce H.M. ya bi tsakaninsu da fensir, an kare hannunsa yadda ba ya ganinsa sai ta madubi. Ana ƙirga sau nawa fensirin ya kauce. Kwana 3 ana yi, kurakurai na raguwa har hannun ya goge, alhali shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Da wannan ta nuna cewa koyon hannu daban, tuna abin da ya faru daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Ɗalibarta Suzanne Corkin ta ci gaba da nazarinsa har ya rasu a 2008, sakamakon kuma bai rushe ba.

Ku kuwa yau na'urar fMRI mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa ce a gabanku, kuma tarkonta ya fi na madubi yawa. Abin da take aunawa sauyin iskar oksijin ne a jini, wanda ke kaiwa ƙololuwa daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun yi aikinsu. Tana raba ƙwaƙwalwa zuwa dubban ƙananan gurabe. In ka gwada gurbi 50,000 kowanne da iyakar 0.05, wato ka yarda 5 cikin 100 na guraben da babu komai su nuna kamar akwai aiki, ba tare da gyaran lissafi ba, kimanin 2,500 za su haska ko da babu komai. Craig Bennett da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009: suka sa mataccen kifin salmon a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, sai ga wuri ya haska a ƙwaƙwalwarsa. Da aka yi gyaran, hasken ya ɓace.

Don Allah kada ku zaɓi gurbi saboda ya haska, sannan ku koma ku auna ƙarfin hasken da bayanan da kuka yi zaɓen da su. Lambar za ta kumbura dole. A raba bayanan gida biyu, ko a tsayar da gurbin tun kafin a duba.

Ƙarancin mutane ma matsala ce. Nazarin da Katherine Button da abokanta suka fitar a 2013 ya kiyasta cewa matsakaicin ƙarfin binciken fannin wajen gano tasiri na gaskiya kusan kashi 21 cikin 100 ne. Saboda haka ku lissafa adadin mutanen da kuke buƙata kafin ku kira na farko, ku rubuta hasashenku da hanyar nazari ku yi musu rajista a fili. Ku tallafe kan mai shiga na'ura da soso, domin motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana iya ƙirƙiro alaƙar ƙarya tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Wanda motsinsa ya wuce iyakar da kuka rubuta tun farko a cire bayanansa, ko da su ne suka fi goyon bayan hasashenku.